Matan Gaya da Sana'ar da Ba Ta Cikin Littafin Hukuma

Tun da aka toshe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil a ƙarshen watan Yulin 2023, hankalin jama'a ya koma bakin kogi, inda kwale-kwale ke jigilar mutane da kaya tsakanin Nijar da Benin. Duk wanda ya ga hotunan mashigar zai lura da yawan matan da ke wurin, wata da kwandon kifi banda, wata da buhun garin rogo, wata da goyo a baya da roba a ka. Daga nan maganganu suka yi yawa. Wasu sun ce 'yan fasa-ƙwauri ne kawai. Wasu sun ce matsin rayuwar 'yan shekarun nan ne ya fito da mata daga ɗaka. Wasu kuma ba su ma ɗauki abin a matsayin aiki ba, a wurinsu 'yar sana'a ce ta rage zaman banza. Kowace daga cikin maganganun nan uku ta gaza. Aikin matan Gaya ya girmi gadar, ya girmi iyakar kanta, kuma wani sashe na tarihinsa ya ratsa ta cikin bauta, abin da ba kasafai ake son tonowa ba.

Abin da kalmomin ke nufi

Abin da ma'aikata ke kira "anformel" da Faransanci shi ne duk wata sana'a ta halal da ake yi ba tare da rajista a wurin hukuma ba: babu takardar kamfani, babu kwantiragin aiki, babu albashin wata, babu fansho. Mai tuwo-tuwo a tasha tana ciki, haka mai suyar ƙosai, mai wankau, mai kitso, da dillaliyar da ke yawo gida-gida da atamfa. Wani masani ɗan Ingila, Keith Hart, shi ya fito da kalmar a farkon shekarun 1970 bayan binciken da ya yi a unguwar Nima ta birnin Akara, unguwar da Hausawa suka sani sarai. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ɗauke ta a rahotonta na ƙasar Kenya a 1972. A lissafin da ƙungiyar ta fitar a 2018, kusan kashi 86 cikin ɗari na masu aiki a Afirka irin wannan aiki suke yi, a tsakanin mata kuwa abin ya kusa kashi 90. Ke nan ba wani ɓangare ne na gefe ba, shi ne aikin da galibin mutane ke ci da shi.

Fasa-ƙwauri daban yake. Shi ne shigar da kaya ko fitar da su ta ɓarauniyar hanya don kauce wa kuɗin duwan, wato kwastan, ko don keta dokar da ta hana kayan. Akwai kuma fataucin abin da yake haramun a ko'ina, kamar makamai da miyagun ƙwayoyi, wanda ba shi da haɗi da maganarmu. Sai "taransi", wato kayan da aka sauke a tashar jirgin ruwa ta Kwatano, suka ratsa Benin zuwa Nijar, wasu kuma daga nan aka karkata da su Najeriya. Cuɗa waɗannan abubuwa wuri guda shi ne tushen ruɗanin. Matar da ta sayo tiya goma ta masara a Malanbil ta kawo Gaya ba ta cikin sahun mai sito cike da dilolin gwanjo. Tun 1979 tsarin cinikayya na ƙungiyar CEDEAO ya yafe kuɗin fito a kan amfanin gona da kayan sana'ar hannu na ƙasashen yankin. Kuma rashin rajista ba ya nufin rashin biyan komai: mai ɗan faifai a kasuwa tana yankar tikiti duk ranar da ta baza kaya, tana biyan mai kwale-kwale, tana biyan ɗan dako, sau da yawa tana ajiye wani abu a shingen hanya wanda ba a ba ta rasit a kansa.

Gari a bakin ruwa, tsakanin iyakoki biyu

Gaya tana ƙasar Dandi, a kudancin jihar Dosso, kimanin kilomita 300 daga Yamai. Kogin Kwara ne ya raba ta da Malanbil, garin Kamba na jihar Kebbi kuma yana gabas da ita, tafiya kaɗan. Cangawa, Dandawa, Zabarmawa, Hausawa da Fulani duk suna zaune a cikinta, kuma mace ɗaya kan yi ciniki da harshe uku kafin azahar. Nan ne yankin da ya fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, wajen milimita 800 a shekara, shi ya sa ake samun abin da babu a arewa: rake, rogo, dankali, shinkafa, kifi, da dazukan giginya na Dallol Mauri. Gari mai irin wannan albarka, a kan mashigar ruwa, dole ya zama wurin saye da sayarwa.

Zamanin ayari, gishiri da bauta

Kafin zuwan Turawa, fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro suna da hanyoyi da dama. Ɗaya daga cikinsu takan taso daga Sakkwato da Jega, ta ƙetare kogi a wajen Ilo da Gaya, ta bi Kandi da Jugu har Salaga. Ana yawan ba da labarin madugu da jagaba da uban dawaki, a manta cewa ayari ba ya tafiya sai da mata. A 1826 Baturen nan Hugh Clapperton ya haɗu da wani ayarin Hausawa a ƙasar Bargu yana dawowa daga Gwanja, mutum wajen dubu, maza da mata. Ya rubuta cewa ban da jakuna da takarkarai, akwai kuyangi da aka ɗora wa kaya masu nauyi a ka, akwai kuma mata 'ya'ya da suke dako don a biya su lada. A kowane zango kuwa, matan gari ne ke fitowa da fura da tuwo da ruwa da itace su sayar wa baƙi. Mai abincin da ke jiran direbobin manyan motoci a bakin gada yau, gadon wannan sana'a take ci.

Sai gishirin Foga. Kwarin Dallol Foga yana arewa maso gabas da Gaya, kuma Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa shi a 1853 ya bayyana yadda ake aikin. Har yau hanyar ba ta canja sosai ba. Da rani ake kankare ƙasar da gishiri ya fito a kanta, a zuba cikin matata ta kaba ko ciyawa, a kwarara ruwa ya tsiyaye a hankali cikin tukunya, sannan a ɗora ruwan a wuta ana ƙara itace har ya ƙafe ya bar gishiri. Ƙasar da aka tace ana zubar da ita gefe, shekara da shekaru har ta zama tudu. Aiki ne na hayaƙi da zafi da ɗaukar ruwa, mai cin ido da fatar hannu. A ƙarni na 19 bayi na cikin masu yin sa, a yau kuma galibi a hannun mata yake.

A nan ne ya kamata a faɗi abin da tarihi ya tabbatar. A cikin bayin da aka riƙe a nan Afirka ta Yamma, mata sun fi maza yawa, domin su ne ke daka, da niƙa, da ɗiban ruwa, da kaɗi, da noma. 'Ya'yan da aka haifa cikin bauta, waɗanda Hausawa ke kira cucanawa, Zabarmawa da Dandawa kuma ke kira horso, ba a sayar da su bisa al'ada, amma ba su da gona tasu. A biranen Daular Sakkwato akwai tsarin murgu, inda bawa ko baiwa ke fita neman kuɗi da sana'arsa, yana biyan ubangijinsa wani abu da aka yanka, abin da ya saura ya tara ko zai kai kuɗin fansa. Irin wannan tsari ya bayyana har a ƙetaren teku. A Salbado ta jihar Bahiya a Barazil, tashar jirgin ruwa da aka kai Yarabawa da Hausawa da yawa, bayi mata sukan yi tallar abinci a titi, su kai wa iyayengijinsu kaso, wasu har su fanshi kansu kafin a soke bauta a can a 1888. Cikin abin da jikokinsu ke soyawa har gobe akwai ƙosan wake da manja. Ko a Bahiya ko a bakin Kwara, ƙaramin ciniki shi ne ƙofar da ta rage a buɗe ga macen da ba ta da gona, ba ta da dangi masu ƙarfi.

Wannan ba ya nufin matan da ke sana'a a Gaya yau jikokin bayi ne. 'Ya'yan sarakuna da na malamai da na talakawa duk suna ciki, kuma tun a da ma mata 'ya'ya suna ciniki. Abin da tarihin ke bayyanawa shi ne dalilin da ya sa ake raina ayyuka mafi wahala, irin su dako da dakau da wankau, da kuma dalilin da ya sa wasu gidaje suka shiga zamanin kuɗi ba su da ƙasa. Faransa ta haramta cinikin bayi a yankunan da ta mallaka a Afirka ta Yamma a watan Disambar 1905, amma sai a 2003 dokar Nijar ta mayar da bauta laifin da ake hukuntawa, sai kuma a 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wata 'yar Nijar da aka riƙe a matsayin baiwa. Maganar asali har yanzu takan taso idan aka zo neman aure ko rabon gona, kuma ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, da aka kafa a 1991, ta daɗe tana faɗar haka.

Daga kulle zuwa bakin gada

Mutuwar bauta ta zo da wani abu da ba a zata ba. A ƙasar Hausa, mata da yawa da suka sami 'yanci sun janye daga aikin gona, domin a idon jama'a noma a rana alamar baiwa ce, zama cikin gida kuma alamar 'ya. Kulle ya yaɗu, amma ciniki bai tsaya ba, sai ya koma cikin gida. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta nuna a 1969 cewa hatsi da man gyaɗa da abincin da ake sayarwa a bayan katanga sun isa a kira su kasuwa mai zaman kanta. Ƙafar wannan kasuwa ita ce 'yar talla. A Gaya, inda matan Dandawa da Cangawa suka saba fita gona da kasuwa, tsarin biyu suka zauna tare: wata tana soyawa a ɗaka tana aika 'yarta, wata tana ɗaukar kayanta da kanta ta hau jirgi.

A shekarun 1950 Faransawa suka so gyaɗar Nijar ta daina bi ta Kano da Legas, ta koma bi ta Dahome, wato Benin ta yau. Jirgin ƙasa daga Kwatano yana tsayawa a Faraku, daga nan manyan motoci su ɗauka, aka kuma gina gada a kan kogi a ƙarshen shekarun. Gaya ta zama ƙofar Nijar ta zuwa teku. Motoci kan kwana da kwanaki suna jiran takardun duwan, direba da yaran mota kuma sai sun ci, sai an yi musu wanki. Mata suka cike wannan gurbi ba tare da wani ya tsara musu ba.

Wa ya ci riba?

Daga shekarun 1980 abubuwa suka haɗu. Farin 1984 ya koro mutane daga arewa zuwa kudu. Tsarin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka kawo ya rage ɗaukar ma'aikata. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin cefane ya daina isa, mata da yawa suka ƙara da nasu. A daidai lokacin kuma Najeriya tana hana shigo da wasu kaya ko tana tsawwala musu haraji, irin su gwanjo da atamfa da shinkafar waje, sai Gaya ta cika da sito-sito na kayan da za a tsallaka da su. Wannan harka ta miliyoyi ta manyan 'yan kasuwa ce, kusan dukkansu maza, masu wakilai a Kwatano da sanayya a ofisoshi.

Masanin nan Olivier Walther, wanda ya daɗe yana nazarin kasuwannin Gaya da Malanbil da Kamba, ya fitar da wani bincike tare da abokan aikinsa a 2019 a kan masu harkar shinkafa 490 a wannan yanki. Sun gano cewa ribar mace ta yi ƙasa da ta namiji nesa ba kusa ba, ko da shekarunsu da iliminsu da daɗewarsu a sana'ar sun zo ɗaya. Wanda ya fi samu shi ne mai abokan hulɗa a wajen ƙabilarsa da wajen ƙasarsa, kuma mata ba su cika kaiwa wannan matsayi ba.

Duba yadda aikin yake. Mace takan sayi shanshera buhu ɗaya ko biyu, sau da yawa bashi. Ta jiƙa ta kwana, ta turara a babbar tukunya ko rabin tano, abin da ake kira gumi, ta shanya a tabarma tana korar kaji da awaki, ta kai inji a sussuke, ta sheƙe, ta tsince tsakuwa, sannan ta auna da tiya a kasuwa. Itace nata, ruwa nata, kuɗin inji nata. Gonar ba tata ba ce, injin ba nata ba ne, motar da za ta kai shinkafar Dosso ko Yamai ba tata ba ce. Haka abin yake ga muruci: a tsinto 'ya'yan giginya, a binne ƙwallon a cikin rairayi, a jira watanni ya tsiro, a tono, a dafa, a ɗaure ƙulli-ƙulli a kai bakin hanya, amma mai sari da mota shi ke yanka farashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, jarin mace kuwa kullum ana gutsurarsa, yau kuɗin magani, gobe biki, jibi kayan ɗakin 'ya. Adashe da asusun mata, irin tsarin Mata Masu Dubara da ya faro a jihar Maraɗi a 1991, sun taimaka ƙwarai, sai dai kuɗin da suke tarawa na riƙe sana'a ne, ba su kai na sayen mota ko gina sito ba.

Inda ra'ayi ya saɓa

Jami'an kuɗi da wasu masana tattalin arziki suna ganin duk cinikin da ba ya cikin littafi asara ce ga baitulmali, kuma ƙasa ba ta gina asibiti da makaranta sai da haraji. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ma ta ba da shawara a 2015 a riƙa jawo irin waɗannan ma'aikata cikin tsari. Amma kuɗin da ke zurarewa a Gaya ba a faifan mai muruci yake ba. Idan rajista ba ta zo da rumfa, da wurin ajiya, da bashi mai sauƙi, da kariya daga masu karɓar na goro ba, to sabon haraji ne kawai aka ɗora wa wadda ta fi kowa rauni.

Ƙungiyoyin raya ƙasa kuma sukan yi ta yabon waɗannan mata da jarumta da dogaro da kai. Yabon ya dace, sai dai yakan rufe ido daga ganin cewa yawancinsu ba zaɓa suka yi ba, kuma ranar da ciwo ya kwantar da mace, ranar cinikinta ya tsaya.

Akwai malamai da magidanta da ke damuwa da mutuncin matar da ke cuɗanya da maza a tasha da mashigar ruwa, wasu har suna yi wa duk mai ƙetare iyaka kallon zargi. Zargin jimla zalunci ne, domin akasarinsu matan aure ne da zawarawa da gwauraye masu ciyar da marayu. Amma damuwar da ake nunawa a kan 'yan talla gaskiya ce. Yarinyar da ke yawo da tire tsakanin manyan motoci har bayan magariba tana cikin haɗari, kuma ba ta aji. A ƙasar da kusan kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ke aure kafin su cika shekara 18, talla ce ke tara kuɗin kayan ɗaki, ita ce kuma ke raba yarinya da karatun da zai sa wata rana ta iya rubuta lissafinta, ta karanta takardar duwan da kanta. Hana talla da baki ba zai yi aiki ba muddin uwar da ke cikin gida ba ta da wata hanyar kai kayanta ga mai saye.

Rufe iyaka da abin da ka iya biyo baya

Gaya ta sha ganin rufe iyaka. Najeriya ta rufe tata daga 1984 zuwa 1986, ta sake rufewa a watan Agustan 2019, mashigar Kamba kuma ba a buɗe ta ba sai a watan Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, ta ɗage shi a watan Fabrairun 2024. Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro da hukumominta suka bayar. Manyan motoci suka koma hanyar Lome ta cikin Burkina Faso da rakiyar soja.

Babban ɗan kasuwa yana iya karkatar da kayansa ta wata tashar, ko ya jira, ko ya ƙara farashi. Mai tuwo a bakin gada ba ta da inda za ta bi direbobin. Mai kifi da tumatir ba ta iya jira, kayanta ruɓewa suke. Wadda ta koma bin kwale-kwale kuma kuɗin fito da na ɗan dako da na kabu-kabu sun cinye ribar, ga haɗarin ruwa lokacin da kogi ya cika, ga shi duk wanda ya tare ta yana iya ce mata ta karya doka, tunda hanyar da doka ta sani a rufe take. Ta haka rufe iyaka ke mayar da mai sana'ar halal abin da ake kira 'yar fasa-ƙwauri, ba tare da ta canja komai a cikin kwandonta ba.

Ficewar Nijar daga CEDEAO, wadda ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025, ta ƙara wata tambaya. Tsakanin Nijar da Benin akwai sauran ƙungiyar UEMOA ta masu kuɗin sefa, wadda ita ma ta yarda da zirga-zirgar amfanin gona ba tare da kuɗin fito ba. Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, don haka makomar matar da ke kai kaya Kamba ta dogara da yarjejeniyar da za a cimma tsakanin CEDEAO da ƙawancen ƙasashen Sahel da Nijar take ciki. Idan aka zauna wannan tattaunawa, za a yi maganar bututun man fetur da kwantenoni da kuɗin taransi. Ya kamata a sa har da abubuwan da suka shafi masu ƙaramin jari: a fayyace yawan kayan da mutum zai iya ƙetarewa da su ba tare da takarda ba, a kafe farashin duk abin da ake biya a allo da Hausa da Zabarmanci da Dandanci a kowace mashiga, a sa jami'ai mata a wurin bincike, a kuma tanadi rigunan ruwa a jiragen da ke fito tsakanin Gaya da Malanbil.